Bincike da Alkawari a Harshen Kwamfuta

Ɗalibin ilimin halittu ya san cewa ƙwayar halitta ba ta rabuwa biyu sai ta wuce wasu shingaye. Idan sinadarin gadonta ya lalace, furotin mai suna p53 yakan dakatar da rabuwar, wani lokaci ma ya sa ƙwayar ta hallaka kanta. Masu rubuta manhajar kwamfuta su ma suna da irin wannan shinge.

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen shekarar 1972, sunan shingen assert, kuma yana cikin ƙa'idar harshen ta 1989. A ɗauka manhaja za ta fitar da matsakaicin makin aji, wato ta raba jimillar maki da yawan ɗalibai. Sai marubucin ya gindaya sharaɗin cewa yawan ɗalibai ya fi sifili. In sharaɗin bai cika ba, manhajar za ta tsaya nan take, ta faɗi layin da aka yi tuntuɓe. Amma binciken yana cin lokaci, shi ya sa akan kashe shi da alamar NDEBUG bayan an gama gwaji.

Akwai kuma wata hanya dabam. Kafin kwamfuta ta fahimci manhaja, sai wani tafinta, wanda shi ma manhaja ne, ya mayar da rubutun harshen na'ura, yana zubar da duk abin da ya ga ba a bukata domin aiki ya yi sauri. Ƙa'idar C23 ta kawo unreachable, ta C++23 kuma ta kawo assume. Da su marubuci ke yi wa tafinta alkawarin cewa abu kaza ba zai taɓa faruwa ba. Tafinta ba ya bincikawa, yarda kawai yake yi, har yana iya share layin da ke lura da sifili.

To, alkawari kaya ne. Idan ya zama ƙarya, ƙa'idar ba ta lamunce wa kowa komai ba: manhajar na iya ci gaba tana ba da amsar banza, kamar yadda ƙwayar da ta rasa p53 ke iya rikiɗa ta zama daji. Don haka, ya ku ɗalibai, kada ku yi wa tafinta alkawarin abin da ba ku bincika ba.