Farar Riga a Tseren Keke: Wa Take Wa Amfani?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

Shirinmu na musamman na yau a kan keke zai tafi. Daga Samaru za mu taso, mu ratsa Palladan da Kwangila mu faɗa Sabon Gari, daga nan kuma sai Faransa, ba fasfo ba biza. Abin da zai kai mu can wata farar riga ce da ake ba matashi a manyan gasannin tseren keke na duniya. Mece ce ita, me take tsinana wa mai ita, kuma ina ruwan Bazazzage da ita?

(Ƙarar ƙararrawar keke)

Duk wanda ya yi sammako a titin Sakkwato ya san Zariya ba baƙuwar keke ba ce. Tun kafin motocin haya su fito, mutanen Bomo da Shika da Basawa sun riga sun hau titi, wani da damin rake a kariya, wani da kwandon tumatir, wani da itace ya fi tsawonsa. Ga ɗalibai da ƙananan ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, ga yaran da suka koyi tuƙi da keken haya suna zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe saboda ba su kai sirdi ba. Iyayenmu kuwa har gobe ba su daina yabon Raleigh da Phoenix ba. Ƙafafu dai akwai su, numfashi ma akwai. Abin da babu shi ne gasa mai tsari da za ta nuna wane ne wane. To bari mu leƙa inda ake da ita.

Gasar Tour de France, wadda aka fara a 1903, ita ce uwar gasannin keke. Mako uku ake yi ana fafatawa, zango 21, tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Zango guda kan fi tsawon hanyar Zariya zuwa Kano, wani lokaci ma a kan duwatsun da mota kanta sai ta sa giyar hawa. Kowace rana ana rubuta lokacin da kowane mahayi ya ɗauka, a tara shi a kan na jiya. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ke sanye da riga mai ruwan ɗorawa. Akwai koriya ta mai tara maki, galibi gwanin gudun ƙarshe, akwai mai ɗigo-ɗigon ja ta sarkin hawan dutse. Ta huɗu ita ce fara.

Lissafin farar riga daidai yake da na mai ruwan ɗorawa, sai dai ana duba waɗanda shekarunsu ba za su wuce 25 ba a shekarar gasar. Ba a ware musu hanya daban, ba a rage musu ko taku ɗaya. Dutsen da ɗan shekara 33 ya hau shi ɗan shekara 21 zai hau, a rana ɗaya, cikin iska ɗaya. Idan an sauka ne kawai ake zare sunayen matasan daga babban jeri, a ga wa ya fi a cikinsu.

A nan ne, a ganina, darajar abin take. A filin dambe yara kan yi share fage tsakaninsu, su koma gefe kafin manya su fito, saboda haka ba ka sanin abin da yaro zai yi gaban babban shago sai ranar da aka haɗa su. Farar riga kuwa tana ba da amsa biyu a lokaci guda: ga matsayin yaro cikin tsaransa, ga kuma tazarar da ta rage tsakaninsa da manya, a rubuce, minti da daƙiƙa. Mai horarwa ba ya bukatar duba. Idan bana yaro ya zo da ratar minti 40 a bayan zakara, baɗi ta koma 15, kowa ya san inda aka dosa.

(Kiɗa kaɗan)

A 1975 aka fara ba matasa wannan riga, kuma Francesco Moser ɗan Italiya ne ya fara tafiya da ita gida. Tarihinta bai tafi sumul ba. Tsakanin 1983 da 1986 an mai da ita ta waɗanda suka shigo gasar karon farko, kome shekarunsu. Daga 1989 zuwa 1999 ma an daina ba da rigar baki ɗaya, ana dai yin lissafin a takarda, sai a 2000 ta dawo jikin mahaya. Gasar Giro ta Italiya ta yi irin wannan kwan-gaba-kwan-baya, ta fara ba matasa riga a 1976, ta ajiye, ta sake ɗauka a 2007. Ta Sifaniya, wato Vuelta, sai a 2019 ta fara sanya wa matashinta farar riga. Masu shirya gasa sun yi ta ajiyewa suna dawowa su ɗauka, domin sun lura ɗan kallo yana son a nuna masa na gobe tun yau.

Kuɗin da ke cikinta ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka gwada da na zakara. Mai farar riga a Tour de France yana karɓar yuro 20,000, zakaran gasa kuwa 500,000, kuma bisa al'ada raba kuɗin ake yi da abokan ƙungiya. Ribar tana wani wuri. Kowace ƙungiya mahaya takwas take shigowa da su, kuma yawancinsu yaran jagora ne. Su ke shiga gaba su tare masa iska, su koma baya wurin mota su ɗebo masa gorunan ruwa, idan tayarsa ta fashe wani ya sauka ya miƙa masa tasa. Sabon shiga a nan yake farawa, kuma mai yi wa wani hidima ba ya samun damar gwada ƙarfinsa. Amma da zarar yaro ya shiga sahun masu neman farar riga, sai ƙungiya ta fara lallaɓa shi, ta ce ya adana ƙarfinsa, har ta ba shi mai taimako. Idan ya kama rigar, kullum da yamma ya hau dandamali, kyamara ta haska shi tare da sunan kamfanin da ke ɗaukar nauyinsu. Ranar sabunta kwantiragi kuwa da bakinsa zai shiga ofis.

Jerin waɗanda suka sa ta ya isa shaida. Greg LeMond ɗan Amurka ya ɗauke ta a 1984, bayan shekara biyu ya ci gasar ɗungurungum. Marco Pantani ya ɗauka a 1994 da 1995, ya zama zakara a 1998. Sai dai kada mu ruɗi kanmu, riga ba alkawari ba ce. Pierre Rolland a 2011, Tejay van Garderen a 2012, Pierre Latour a 2018, duk sun sa ta, jaridu sun yi ta kururuta su, babu wanda ya kai ga mai ruwan ɗorawa a ƙarshen gasa. Wani yaron ma kururutawar ce ke zame masa kaya.

(Kiɗa kaɗan)

To yanzu ga inda gardama take. A shekarun nan yaran sun daina jiran layi. Egan Bernal ɗan Kolombiya ya ci gasar a 2019 yana ɗan shekara 22, ya haɗa fara da mai ruwan ɗorawa. A 2020 Tadej Pogacar ɗan Sulobeniya ya maimaita, ana gobe zai cika 22, ya sake a 2021, kuma ya riƙe farar riga shekara huɗu a jere har 2023, abin da ba a taɓa yi ba. Tun da mutum ba ya sa riga biyu a lokaci guda, sai aka riƙa ba na biyu a jerin matasa aron farar ya sa a hanya. Haka Jonas Vingegaard ya yi ta yawo da ita a 2021, alhali ba tasa ba ce. Masu sharhi suka fara tambaya: wanda ya riga ya ci gasa sau biyu, har yanzu mai tasowa ne? Wasu suka ce a sauko da shekarun zuwa ƙasa da 23, kamar yadda gasar mata ta Tour de France, wadda aka fara a 2022, take yi. Ni dai ina tare da su. Rigar da aka yi don haska wanda ba a sani ba, idan ta maƙale a jikin wanda duniya ta gama sani, ta bar aikinta.

Amma wannan matsalar masu ƙoshi ce. Turai tana da makarantun horo, da gasannin yara, da masu auna bugun zuciyar ɗan shekara 16 da kwamfuta, shi ya sa yaransu ke isowa a nune. A Afirka, inda matakalar ba ta cika ba, duk wata kafa da za ta fito da matashi fili tana da tsada. Dubi Biniam Girmay na Eritiriya. An haife shi a Asmara a 2000. Yana ɗan shekara 18 ya ci zango guda a gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon a 2019, cikin ƙwararrun da suka zo daga Turai. Da a cikin tsaransa kaɗai ya yi wannan gudun, da labarin bai yi nisa haka ba. A 2024 ya ci zango uku a Tour de France ya tafi da koriyar riga. Burkina Faso tana da Tour du Faso tun 1987. Ruwanda ta raini tata gasar har ta kai Kigali ta karɓi gasar keke ta duniya a watan Satumban 2025, karo na farko a nahiyar.

Mu fa? Muna da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. Muna da Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, har sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Wannan labari kaɗai ya isa ya nuna yadda mahayi ke tasowa a ƙasar nan: da ƙarfin kansa.

(Ƙarar kasuwa a ƙasa-ƙasa)

Mu dawo Sabon Gari. Keken tsere na ƙwararru doka ta hana nauyinsa ya gaza kilo 6.8, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yaron da ke koyon faci a bakin kasuwa. Wannan ba mu da maganinsa yau. Amma a ce wata rana hukumar wasanni ta jiha, ko jami'a, ko wani attajiri mai sha'awa, ya shirya tseren kwana uku, yau Zariya zuwa Giwa a dawo, gobe hanyar Soba, jibi zagayen gari daga PZ zuwa ƙofar jami'a. Ƙara rukunin matasa a ciki ba ya cin kome. Ba a bukatar rufe wani titi daban ko ƙarin 'yan sanda. Shafi ɗaya ne a littafin alƙali, da yadin farin ƙyalle wurin tela. Ɗan shekara 19 da ya zo na goma sha biyu, wanda da ba mai tuna shi, sai ga shi a kan dandamali ana kiran sunansa da na unguwarsu. Mahaifin da ke cewa keke aikin banza ne, ranar zai saurara.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne mai wuyar. Duk wannan gini a kan shekarun haihuwa yake tsaye. A ƙwallon ƙafa, mun ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, amma kowa ya san irin gunagunin da ke bin ƙwallon matasa a nahiyar nan, har FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu a 2009 don tantance shekaru. Inda mutum zai shiga kotu da safe ya fito da takardar rantsuwar shekaru kafin azahar, farar riga za ta iya ƙarewa a jikin mai 'ya'ya uku, yaron gaskiya kuma ya jingine kekensa ya koma acaɓa. Saboda haka duk mai niyyar shirya irin wannan gasa a Zariya, kafin ya je wurin tela, ya fara da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya haɗa da rajistar makarantar firamare, ya kuma buɗe littafin da za a rubuta kowane yaro tun tserensa na farko, yadda shekarun da ya faɗa bana su za a tarar baɗi da ƙarin ɗaya.

A nan za mu ja birki. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)