3.4 Daskarewar Kwamfuta Sakamakon Saƙonnin Layin Sadarwa

Daskarewa a nan tana nufin kwamfuta ta tsaya cak, linzaminta ya ƙi motsi, madannai su daina amsawa. A shagunan buga takardu na garin Gummi, inda ake samun tsofaffin injina 'yan Kwatano masu Windows XP, da zarar haka ta faru akan ɗora laifin a kan zafin bazara ko ƙurar hunturu. Sau da yawa gaskiya ne. Amma idan an jona kwamfutocin da waya domin su yi tarayya a na'urar bugu ɗaya, akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba, wato saƙonnin da ke shigowa ta wayar.

Kowane saƙo da ya iso, dole kwamfuta ta ajiye aikinta ta duba shi. Idan wani ya yi kuskuren cusa bakuna biyu na waya guda a cikin akwatin da ke rarraba layi, saƙonni sukan riƙa kewayawa suna ninkuwa ba iyaka, har tsohuwar kwamfuta ta rasa sararin yin komai. Alamar haka ita ce fitilun akwatin duka su yi ta ƙyaftawa babu tsayawa. Haka kuma, ƙwayar cutar Blaster ta 2003 da Sasser ta 2004 ta layi suke shiga ba tare da an buɗe komai ba, su jawo gargaɗin cewa injin zai mutu cikin daƙiƙa 60. Gyaran Service Pack 2 da Microsoft ya fitar a 2004 ya toshe wannan kafa, ya kuma kashe Messenger mai cika fuskar kwamfuta da saƙonnin talla. Sai dai wanda ya sake ɗora Windows da tsohon faifai ya koma gidan jiya ke nan, ga shi kamfanin ya daina kula da XP tun 8 ga Afrilu, 2014.

Saboda haka, matakin farko shi ne a zare wayar layin daga bayan kwamfuta, a sake kunna ta. Idan ta yi aiki lafiya, to matsalar daga waje take, sai a mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Idan ta sake daskarewa, a duba fanka da ƙura.

A ganin mai wannan nazari, gaggawar goge komai da wasu masu gyara kan yi kuskure ne babba, domin takardun mutane sukan salwanta, kuma ana mayar da wayar cutar ta dawo.