Denis Burkitt da Ciwon Dajin Muƙamuƙin Yara

Dajin Burkitt na cikin nau'o'in ciwon daji da suka fi kama yara a ƙasashen Afirka masu zafi da danshi, har da arewacin Najeriya. Yakan kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin makonni kaɗan. Ya samo sunansa daga Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ireland da ya yi aiki a asibitin Mulago na Kampala, wanda ya wallafa bayanin cutar a 1958.

Burkitt ya aika tambayoyi zuwa asibitocin nahiyar, ya kuma bi su da mota, har ya zana taswirar yaɗuwar cutar. Taswirar ta yi daidai da yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Laccar da ya gabatar a Landan a 1961 ta sa wani mai bincike, Anthony Epstein, ya nemi samfurin ƙarin, kuma daga samfurin ne a 1964 aka gano ƙwayar Epstein-Barr, bairos na farko da aka danganta da dajin ɗan Adam.

A Ibadan, wani likita mai suna Victor Ngu ya taimaka wajen tabbatar da cewa magungunan ciwon daji kan warkar da cutar. Shi da Burkitt suna cikin waɗanda suka karɓi lambar Lasker a 1972.