Direba Ɗaya, Laifi Huɗu: Yadda Ake Lissafin Tara

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Kano zuwa Daura ranar Lahadi, watau ranar da kasuwar Ɗambatta ke ci, ba zai rasa ganin motar da ta tara laifi uku ko huɗu a lokaci guda ba. Ga buhunan gero an jibga har but ya ƙi rufuwa, ga fasinja biyu a kujerar gaba, ga taya ta sude, shi kuwa direba waya na kunnensa yana cinikin wani lodin. Da yawa daga cikin direbobin nan sun ɗauka cewa in an kama mutum, a kan babban laifin kaɗai za a ci shi tara, ƙananan su bi ruwa. Ba haka doka ta tanada ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, an sabunta dokarta a 2007. Wannan doka ta zo da jadawalin laifuffukan hanya, kowane da tararsa da makinsa. Takardar da jami'i ke miƙa wa direba tana ɗauke da wannan jeri, kuma duk laifin da ya gani sai ya sa masa alama. Takarda ɗaya ce, amma kowace alama kuɗinta daban.

Alal misali, a ɗauki direban da aka ambata. Bisa ga jadawalin 2007, lodin da ya wuce ƙa'ida naira 10,000 ne, amsa waya a kan tuƙi 4,000, sudaddiyar taya 3,000, rashin ɗaura bel kuwa 2,000. Jimla naira 19,000 ke nan, ba 10,000 ba. In kuwa aka tsare motar, bai karɓe ta ba cikin awa 24, dokar ta ɗora masa kuɗin ajiya naira 200 kowace rana.

Ma'aikacin gwamnati zai fi kowa gane nauyin waɗannan alƙaluma. Sa'ad da aka rubuta su, mafi ƙarancin albashi bai kai naira 10,000 ba. A 2024 aka mai da shi 70,000. Tarar da a wancan lokaci ta fi albashin wata biyu, daga baya ta koma abin da direban akori-kura zai iya lissafawa cikin kuɗin hanya. Saboda haka maki ne ya kamata ya zama haƙorin dokar. Galibin laifuffukan, kowace naira dubu tana tafe da maki ɗaya, watau wancan direba ya kwashi maki 19 a tsayawa guda. Tara takan ƙare da biya, amma maki yana taruwa a kan lasin, daga gargaɗi zuwa dakatarwa, har zuwa ƙwacewa. Sai dai wannan tsari ba shi da amfani in ba a adana bayanin kowane direba sosai ba, kuma wanda ba shi da lasin tun farko, ina za a rubuta masa makin?

Biyan tara ba dole ba ne ga wanda bai yarda ya yi laifi ba. Yana da ikon zuwa gaban majistare, ko a kotun tafi-da-gidanka, inda za a karanta masa kowace tuhuma daban, ya amsa ta daban. Ana iya samunsa da laifi a biyu, a sallame shi a biyu. In hukuncin ya haɗa da ɗauri, alƙali ne ke faɗin ko wa'adin zai tafi tare ko kuwa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma matsayin da ƙananan laifuffuka in sun haɗu sukan haifi babba. Gudu da lodi da sudaddiyar taya a hanyar da ke cike da masu babura da amalanken shanu da yara masu talla na iya zama tuƙin ganganci, wanda dokar 2007 ta yanka wa naira 50,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. In an yi asarar rai, ɗaurin na iya kaiwa shekara bakwai.

Abin da ya fi damun direbobi shi ne yawan masu tsayarwa, domin ban da jami'an wannan hukuma akwai 'yan sanda, da masu duba lafiyar mota, da KAROTA wadda Jihar Kano ta kafa a 2012, kowa da dokar da yake riƙe da ita. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da kotu ta riga ta hukunta shi ko ta sallame shi. Amma wannan kariya ta laifin da ya wuce ce. Wanda ya biya tarar lodi a Ɗambatta, ya tashi da lodin nan bai sauke ba, in aka tsayar da shi a Kazaure sabon laifi ne, kuma rasit ɗin da ke aljihunsa shaida ce cewa an riga an faɗa masa.