Sojan da Sahara Ta Haɗiye

Kowace 15 ga Janairu ana taruwa a nan Abuja don tunawa da mazan jiya. Ni kuwa, ya mai karatu, Saje Vernon Moore nake so mu tuna, Ba'amurke mai harba bindiga a jirgin yaƙin Lady Be Good. Ranar 4 ga Afrilu 1943 jirgin ya tashi daga Libiya don kai hari Italiya. Wajen dawowa cikin dare suka wuce sansaninsu, mai ya ƙare, suka diro da laima tsakiyar Sahara. Takwas suka sauka da rai, ƙishirwa ta kashe su. A 1960 aka gano gawarwakin abokansa takwas, ban da tasa. Ba shi da kabari, sai suna.