Wasannin bidiyo: yadda ake zaunar da ƴan ɗebe kewa da ƴan gani-kashe-ni inuwa ɗaya

A ranar 24 ga watan Afrilun 2025 wani ƙaramin kamfani mai suna Sandfall Interactive, da ke birnin Montpellier a kudancin Faransa, ya fitar da wasan bidiyonsa na farko, Clair Obscur: Expedition 33. Cikin kwana uku aka sayi kwafi miliyan ɗaya, a watan Oktoba adadin ya kai miliyan biyar, a Disamba kuma ya lashe kambun wasan shekara a bikin The Game Awards. Amma tun makonnin farko kamfanin ya tsinci kansa tsakanin koke-koke biyu masu karo da juna. Wasu na cewa wasan ya yi musu tsauri, sun maƙale wuri guda. Wasu kuma na cewa ya yi sauƙi har ya fita daga ransu. Wannan matsala ta girmi kamfanin da shekaru masu yawa, kuma duk mai shirya irin wannan wasa sai ya gamu da ita.

Wane irin wasa ne wannan?

A ɗakunan wasa na Maraɗi, Damagaram da Yamai, ƙwallon ƙafa da dambe aka fi bugawa a PlayStation: minti goma an gama, wanda aka ci ya miƙa wa na baya. Wasan da ake kira RPG, wato jeu de rôle da Faransanci, ya sha bamban da waɗannan. Ɗan wasa yana shiga rigar wani jarumi ne, ya bi dogon labari da kan ɗauki awa 30, ko 60, ko fiye da 100. Jarumin yana farawa da rauni. Duk abokin gabar da ya kayar yana samun maki, makin ya ɗaga shi mataki, ya samu makamai da dabaru, har ya kai ga babban bos na ƙarshe.

Masu sayen irin wannan wasa sun kasu gida biyu. Akwai ƴan ɗebe kewa: ma'aikaci ko ɗalibar da ba su da fiye da awa ɗaya bayan sallar isha'i, abin da ya dame su shi ne su ga yadda labari zai ƙare. Akwai kuma ƴan gani-kashe-ni, masu iya kwana uku a kan bos ɗaya, suna lissafin ƙarfin kowane makami a takarda. A wurinsu kowa ya ci zomo ya ci gudu, nasarar da ba a sha wuya ba ba ta da ɗanɗano.

Kamfani ba ya iya rabuwa da ko ɗaya daga cikinsu. Na farko su ne suka fi yawa, da kuɗinsu ake mayar da abin da aka kashe a shekarun aiki. Na biyu ba su da yawa, amma su ke rubuta jagora, su ke nuna wasan a YouTube da Twitch, su ke riƙe shi shekaru bayan kowa ya watse. In aka kori na farko a yi asara, in aka ɓata wa na biyu rai sunan wasa ya zube.

Dabara ta farko: rage zafin faɗuwa

Tun 1986 Yuji Horii, ɗan Japan da ya ƙirƙiro Dragon Quest, ya gane cewa abin da ke korar sabon shiga shi ne hukuncin da ke biyo bayan faɗuwa. A wasansa, idan aka kashe jarumi yakan farfaɗo a fadar sarki, ya rasa rabin zinariyarsa, amma makin da ya tara yana nan. Ke nan ko wanda bai ƙware ba, in ya yi ta maimaitawa, jaruminsa zai yi ƙarfin da zai wuce. Gwani ya wuce da basira, marar gwaninta ya wuce da haƙuri.

Jerin wasannin Fire Emblem na kamfanin Nintendo ya ɗauki wata hanyar dabam tun 1990: sojan da ya mutu a fagen daga ya tafi ke nan har ƙarshen labari. Masoyansa na alfahari da haka, amma kasuwa ta yi ta ja da baya, har aka gargaɗi masu shirya Fire Emblem Awakening na 2012 cewa zai iya zama na ƙarshe. Sai suka ba ɗan wasa zaɓi: ko tsohuwar doka, ko sassauƙa wadda sojan da ya faɗi ke dawowa bayan yaƙi. Wasan ya fi duk na gabansa ciniki, jerin ya tsira.

Wasan Hades na 2020 ya zo da nasa salon. Duk wanda ya kunna tsarin taimako, za a rage masa kashi 20 cikin 100 na illar bugun da yake sha, kuma duk mutuwa ɗaya a ƙara masa kashi 2, har zuwa 80. Taimakon na ƙaruwa ne daidai da yawan faɗuwar mutum, wanda ba ya faɗuwa sosai kuma ba zai ga wani babban canji ba.

Dabara ta biyu: kowa ya zaɓi matakinsa

Hanyar da aka fi sani ita ce a tambayi mutum tun farko: sauƙi, matsakaici ko tsauri? Baldur's Gate 3, na kamfanin Larian da ke Beljiyam, ya fito a Agustan 2023 da matakai uku. Bayan ƴan watanni aka ƙara na huɗu domin ƴan gani-kashe-ni, inda wurin ajiye wasa ɗaya ne tak, babu komawa baya a gyara kuskure, in an kashe tawagar gaba ɗaya an rasa damar. Ladan wanda ya kammala shi ne ɗan lido na zinariya, abin ado kawai da ba ya ƙara ƙarfi. A nan hikimar take: an ba gwani abin taƙama ba tare da an hana sauran jama'a ko da babi ɗaya na labarin ba.

Sai dai wannan hanya na da nata cikas. Mutum na zaɓa ne kafin ya san wasan, kuma da yawa girman kai ba ya barinsu su sauko ƙasa ko da sun maƙale, sai su ajiye wasan gaba ɗaya. Ga shi kuma wasu kamfanonin ba sa yin komai illa ninka jinin abokan gaba, faɗan ya ƙara tsawo ba tare da ya ƙara daɗi ba.

Dabara ta uku: a ɓoye sauƙin a cikin wasan

Kamfanin FromSoftware na Japan, ƙarƙashin Hidetaka Miyazaki, ya ƙi saka wannan zaɓi. Elden Ring, da ya fito ranar 25 ga Fabrairun 2022, mataki ɗaya gare shi ga kowa, kuma an san shi da azabar wuya. Duk da haka ya haura kwafi miliyan 30. Dalili shi ne an shimfiɗa sauƙin a cikin duniyar wasan. Wanda Margit, bos ɗin da ke tsare hanyar fadar farko, ya gagara, yana iya juya dokinsa ya nufi kudu, ya tara ƙarfi, ya dawo. Yana iya kiran mayaƙan taimako da wasan ya tanada, ko ya gayyato wani ɗan wasa ta intanet, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malenia, wadda ake sakawa cikin mafiya wuya, ba dole ba ne a gamu da ita kafin a ga ƙarshen labari. Gwani kan haramta wa kansa duk waɗannan taimako, ya ɗora bidiyonsa. Ɗan ɗebe kewa ya yi amfani da su, ba wanda ya rubuta masa a allo cewa rago ne.

Inda aka haɗu a fili ɗaya

Lamarin ya fi rikitarwa a wasannin da dubban mutane ke bugawa tare ta intanet, domin kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ya samu. World of Warcraft na kamfanin Blizzard, da aka buɗe a Nuwamban 2004, ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010. A 2006 kamfanin ya gina wani kurkukun dodanni mai suna Naxxramas, wanda sai mutum 40 ƙwararru sun taru lokaci guda, dare da yawa a mako, kafin a ci shi. Ƙalilan ne suka ga cikinsa, alhali kowa ya biya kuɗin da aka gina shi. A 2008 aka sake fito da shi da sauƙi, na mutum 10 ko 25. A ƙarshen 2011 aka kawo tsarin da kwamfuta ke haɗa mutum da baƙin abokai ya shiga irin waɗannan wurare ba tare da ƙungiya ba. A 2014 matakai huɗu ne: labari da dodanni ɗaya, amma ganimar na sama ta fi ta na ƙasa.

Akwai kuma wata ƴar dabara da ke taimakon marar lokaci. Idan ɗan wasa ya bar jaruminsa a masauki ya kashe kwamfuta, hutun na taruwa, in ya dawo sai ya riƙa samun maki ninki biyu na wani lokaci. Wanda ya yi kwana huɗu bai shiga ba yana rage ratar da aka ba shi.

Waɗanda suka yi gaggawa sun ji jiki. A Nuwamban 2005 masu Star Wars Galaxies suka rushe sana'o'i sama da 30 da ƴan wasa suka shekara suna ginawa, suka mayar da su tara, don jawo sababbi. Tsofaffin suka fice da yawa, sababbin ba su cike gurbin ba, aka rufe wasan a Disamban 2011. RuneScape ya sauya tsarin faɗansa a 2012, jama'a suka yi bore, sai a Fabrairun 2013 kamfanin Jagex ya dawo da wasan yadda yake a 2007 a gefe guda, kuma wannan tsohon har yau cike yake da mutane. Blizzard ma ya bi sahu a 2019, sannan a 2023 ya buɗe fagen da mutuwa ɗaya ke shafe jarumi har abada. Wani lokaci maganin shi ne a raba gida.

Abin da ƴan Montpellier suka yi

Clair Obscur labarin mutanen wani birni ne mai suna Lumière, inda wata mai zane ke rubuta lamba kowace shekara, duk wanda shekarunsa suka kai lambar ya ɓace. Faɗan cikinsa bi da bi ne, mutum na da lokacin yin tunani kafin ya kai hari. Amma idan abokin gaba ya kawo sara, sai an danna maɓalli a daidai ƙiftawar ido kafin a goce ko a kare. Wannan ƙiftawar ce ta kayar da masu son labari. A ɗaya ɓangaren, gwanaye sun gano cewa wani sara na jarumar da ake kira Maelle, mai suna Stendhal, in an haɗa shi da wasu kayan, yana kashe kusan kowane bos da bugu ɗaya.

Kamfanin da Guillaume Broche, tsohon ma'aikacin Ubisoft, ya kafa a 2020 ya amsa koken biyu dabam-dabam. A watan Mayu ya rage ƙarfin Stendhal da kashi 40 cikin 100. A gyaran da ya biyo baya ya tsawaita lokacin gocewa da karewa a matakin masu bin labari kawai, ya rage illar bugun da suke sha. Ga gwanaye kuma ya kawo zaɓin ninka jinin abokan gaba har sau 100 a kashin ƙarshe na wasan, tare da ƙayyade iyakar ɓarnar da bugu ɗaya zai yi. Simon, bos ɗin da ya fi kowa wuya, yana can gefe, sai wanda ya neme shi.

Wasan kyauta da tarkon da ke cikinsa

Clair Obscur ya fito a kan Yuro 50, wato kusan jika 33 na kuɗin Sefa, ban da na'urar da za ta ɗauke shi. Shi ya sa matasa da dama suka fi sanin RPG ta wayar salula, inda ake saukewa kyauta. A can ma'aunin ya sauya. Genshin Impact, na wani kamfani da ke Shanghai, wanda ya fito a 2020, yana taƙaita yawan ganimar da za a kwasa a rana ta hanyar wani ma'auni da ke cika a hankali, ɗigo ɗaya duk minti takwas. Wannan yana hana mai yini a kan waya tsere wa mai aiki. Amma fitattun jarumai ta hanyar ƙuri'a ake samunsu, kuma tabbacin samun na sahun farko yana iya kai mutum ga ja har sau 90. Mai haƙuri ya tara a hankali, mai gaggawa ya sa kuɗi. A wasu wasannin ana tsananta wuya da gangan don a sayar da mafita. Tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a wasu wasanni a matsayin caca.

Saboda haka tambayar da ta kamata iyaye da masu wasa su yi ita ce: idan aka maƙale, me wasan ke nema? In ƙarin koyo ne, ko wata hanya, ko taimakon aboki, to an gina shi don a ji daɗinsa. In kuwa lambar katin banki ce ko kuɗin waya, wuyar ta kasuwa ce.

Darasin ya shafi masu son shiga sana'ar ma. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba, a birnin Yawunde na Kamaru, ya fitar da Aurion, wasan RPG da aka gina kan al'adun Afirka. Duk matashin da zai bi wannan sawu zai tarar da masu saye iri biyun nan suna jiransa, kuma sai ya yanke tun kafin ya fara aiki abin da zai faru da wanda ya faɗi sau goma a gaban bos na farko.