Gidan Makama: Inda Kano Ta Ajiye Tarihinta

Jama'a na ta kai-komo kullum ta gaban Gidan Makama, daura da Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano, amma ba kowa ke leƙawa ciki ba. Galibin masu shiga 'yan makaranta ne da malamansu suka kawo, sai baƙi daga nesa. Abin takaici ne Bakano ya yi furfura bai taɓa taka zauren gidan nan ba.

Ginin kansa shi ne abin kallo na farko. Masana tarihi na danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya riƙe sarautar Makama kafin ya hau karagar Kano a 1463. Da Turawa suka ci birnin a 1903, sai suka mai da shi ofis. Yau yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, da sassan nuni 11.

Da shigar baƙo zaure, zafin waje zai sake shi, domin katangar tubali ce mai kauri. In ya ɗaga kai zai ga azara an jera ta ɗaya bayan ɗaya, bakan gizo na tallafe da rufin, babu ƙarfe babu siminti. Maginan da suka iya wannan aiki sun yi ƙaranci sosai a yau.

Daga nan labari ke tafiya ɗaki-ɗaki: mazauna Dala da shugabansu Barbushe, zuwan Bagauda a 999, Wangarawan da suka iso da Musulunci zamanin Sarki Yaji, sai Jihadi da sarautar Fulani, har zuwa hotunan dalar gyada.

Inda ƙafa ke tsayawa shi ne wajen kayan yaƙi. Ga sulke, wanda aka saƙa da ƙananan zobba na ƙarfe, kowanne riƙe da ɗan'uwansa. Ga lifidi, rigar da aka cusa wa auduga don kare doki da mahayinsa daga kibiya. Mai zuwa kallon Hawan Daushe zai gane cewa adon da yake yi wa shewa asalinsa shirin fagen fama ne. Akwai kuma ɗakin amarya, da jeren da iyaye mata ke yi wa 'ya'yansu kafin zuwan kayan zamani.

Tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, masu nauyin gaske, su ma nan aka adana su. Su dai sun tsira. Ganuwar da suka yi wa tsaro, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen ƙarni na 12, ita ce ke cikin wani hali: ruwan sama na zaizayarta, masu ɗibar ƙasa na yankarta, a wurare da dama kuma gidaje da shaguna sun riga sun hau kanta.